Kilishin Inna bai isa Jamus ba

Ƙanena yana karatu a Jamus. Ana saura wata guda azumi, Inna ta haɗa masa kuka, yaji, kilishin Ngaundere kilo biyu da kwalbar man shanu. Ni na kai gidan waya bayan na tashi daga makaranta, ni kuma na cike takardar CN23. A gurbin bayanin kaya na rubuta "kyauta" kawai.

Bayan mako biyar sai ga wasiƙa, wai ya zo ofishin kwastan da kansa. Ya bar lacca, ya hau jirgin ƙasa, aka buɗe kwalin a gabansa. Kuka da yaji suka wuce. Kilishi da man shanu kuwa aka ce ƙona su za a yi.

Ashe dokar Tarayyar Turai ta hana shigar da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, ko da busasshe ne, ko da uwa ce ta aiko, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Kyauta ma in darajarta ta haura yuro 45, wajen sefa 29,500, sai an biya haraji. Ni da nake ce wa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa, ban binciki komai ba.

Da na gaya wa Inna, ta yi shiru, can ta ce, "To, su ba sa cin nama ne?" Na ce, "Suna ci, Inna, namu ne ba sa so." Bana dai kayan yajin kilishin kaɗai za mu aika, ya nemi naman halal a can.