Mene Ne Ban-Ruwan Kankare?

Duk lokacin da bene ya rufta, akan ɗora laifi kan tauye siminti ko siririn rodi, ba kasafai ake maganar ban-ruwa ba. Ban-ruwa shi ne kiyaye danshin kankare bayan an zuba shi. Ba bushewa ke ƙarfafa kankare ba. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa sannu a hankali, yana ɗaure yashi da tsakuwa, kuma da zarar ruwan ya ƙafe aikin ya tsaya. Shi ya sa injiniyoyi ke son a riƙa jiƙa dekin aƙalla kwana 7, ko a kewaye shi da yashi a tare ruwa, a kuma naɗe ginshiƙai da jiƙaƙƙen buhun algarara ko leda. Sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Mai gini zai ce kuɗin 'yan garuwa na da yawa, kuma ai dekin ya yi tauri tun washegari. Taurin sama ke nan. A Kano ko Damagaram, iskar hunturu da zafin bazara kan tsotse danshi cikin sa'o'i, saman ya tsattsage, ya riƙa marmashewa ƙarƙashin tsintsiya. Ta waɗannan tsagu ruwan damina ke kaiwa ga rodi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓalle kankaren. Ƙara ruwa wajen kwaɓi ba mafita ba ne, raunana shi yake yi. Abin da aka rage na garuwa, mai gida zai biya shi ninki wajen gyara, 'yan haya kuwa da rayukansu suke kasada.