Hattara da Kumburin Bayan Gwiwa Bayan Aikin Tiyata

Daga cikin raunukan da tamaula ke jawo wa samarin Gwarzo da Kabo akwai tsinkewar jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa, wadda Allah cikin hikimarsa ya ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri da ita. Kuma da yake ɗorin gargajiya ba ya haɗa ta, maganin da likitoci suka dogara da shi, musamman ga mai son komawa fili, shi ne su yanko agara daga jikin majinyacin, su huda ƙasusuwan biyu, su dasa ta a madadin wadda ta tsinke. Masu irin wannan larura a ƙasar Kano galibi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, suke dosa.

Aikin yakan yi nasara bi'iznillahi, illa dai babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa tana kwance ne dab da bayan gwiwa, kusa da inda ake hudar. Nadiran, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari, takan sami rauni, jini ya riƙa tsiyaya yana taruwa har ya zama ƙullutu mai bugawa tare da zuciya, wanda sau da yawa ba ya bayyana sai bayan kwanaki ko makonni, lokacin da majinyaci ya riga ya koma gida. Wani kuwa jini ne ke daskarewa a sha-raɓarsa, gudan ya ɓalle ya nufi huhu.

Tun zamanin Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus mai littafin Attasrif, malaman ɗibbu sun san ɗaure jijiyar jini, amma har gobe lokaci ne sharaɗin tsira, domin naman da jini ya yanke masa kimanin sa'o'i shida yakan fara mutuwa, ta kai ga yanke ƙafa. Saboda haka wajibi ne ga iyalan majinyaci, idan suka ga ƙafa ta yi sanyi ko ta sage, ko azaba ta fi ƙarfin magani, ko numfashi ya sarƙe, su garzaya da shi Kano ko da tsakar dare ne. Kumburi mai bugawa kuwa kada a gasa shi, kada a murza, balle a kira wanzami ya yi masa sakiya ko ƙaho bisa zaton ƙurji ne, gama abin da ke cikinsa jini ne daga jijiyar da ta fashe, wanda idan aka buɗe masa ƙofa ba mai iya tsayar da shi sai likita a ɗakin tiyata.