Gidan Cin Kifi a Gefen Filin Azteca: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wanda ya je kallon ƙwallo a birnin Meziko, a filin Azteca da aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 1970 da 1986, zai tarar da masu sayar da tako, wato nama da ake naɗewa a siririyar wainar masara ko fulawa da ake kira tortilla, birjik a bakin titi. Sai dai takon da ya fi farin jini, al pastor, naman alade ne. A ganina, mafita ga Musulmi ita ce ƙananan gidajen abincin teku da ake kira marisquería.

Ba wuraren ƙawa ba ne. Kujerun roba ne, da talabijin mai nuna wasa, da kwalaben yaji jere a kan tebur. Birnin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,200, nesa da teku, amma kifi ba ya yanke masa, domin kasuwar La Nueva Viga da ke unguwar Iztapalapa tana cikin manyan kasuwannin kifi na duniya, kuma kaya na zuwa mata daga gaɓar Pasifik da ta Tekun Meziko.

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, dabbobin teku halal ne. Abin dubawa shi ne abin da aka haɗa su da shi. Takon kifi irin na garin Ensenada ana tsoma kifinsa a kwaɓin fulawa kafin a soya, kuma sau da yawa da giya ake kwaɓin. Akwai jatan landen da ake naɗewa da siririn naman alade. Dafaffen waken da ake dakawa a soya, wanda ake ajiyewa a gefen faranti, galibi da kitsen alade ake yinsa, haka ma wasu tortilla na fulawa. Na masara sun fi kwanciyar hankali. Michelada kuwa, da za ku ga ana sha a babban kofi mai barkono da gishiri a baki, giya ce.

Abu na biyu ya shafi lafiya, kuma shi ya fi damuna. Ceviche ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami har ya yi fari. Aguachile, abincin jihar Sinaloa, ɗanyen jatan lande ne da lemun tsami da barkono da kokwamba da jar albasa, kuma shi ko jiƙon kirki ba a bari ya yi. Tsamin yana canza launin nama ne kamar ya dahu, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su Vibrio yadda wuta take yi. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su haƙura da waɗannan gaba ɗaya.

Wanda zan fi ba ku shawara shi ne pescado zarandeado na jihar Nayarit: a tsaga kifi a buɗe, a shafa masa kayan ƙanshi, a gasa a garwashi. Sai a kora da agua de jamaica, wato zoɓo, wanda Meziko take sayen furensa da yawa daga Najeriya, daga gonakin Jigawa da Kano.

Yawancin waɗannan gidaje da rana suke ciniki, su rufe da yamma, don haka ku ci kafin wasa. Ku zaɓi inda mutanen gari suka cika kuma kifi yake kan ƙanƙara. Ana bar wa ma'aikaci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin abinci. Kafin a kawo muku komai, ku tambaya ko akwai cerdo, manteca ko cerveza a ciki, wato alade, kitsensa ko giya.