Yaro Mai Fitsarin Kwance

Sau da yawa akan kawo mini yaro ɗakin magani, bayansa duk shatar bulala. In na tambayi laifinsa, sai a ce fitsarin kwance.

Iyaye, ku sani ba da gangan yake yi ba. Mafitsarar yaro ƙarama ce, barcinsa kuwa da nauyi, ba ya jin ta cika. Kafin shekara 5 wannan ba ciwo ba ne. Yakan zama gado ma, watakila uban da ke dukan shi ma ya yi.

Maigida, tuna kunyar da ka sha ran da aka yi maka dariya kana ƙarami. Haka ɗanka yake ji. Tsoro ba ya tsai da fitsari, sai ya daɗa shi.

Ga abin yi:

1. A ba shi ruwa sosai da rana, a rage kunu bayan magariba.
2. Ya yi fitsari kafin ya kwanta.
3. In ya jiƙa tabarma, a shanya ba faɗa. Ran da bai yi ba, a yaba masa.

Amma in fitsarin da zafi, ko da jini, lalle ku kawo shi. Jini yakan zama alamar tsargiya, akwai maganinta.