ZUMA BA TA ƁOYE GARINSU

Duk mai tallar zuma a kasuwa zai rantse maka cewa tasa daga daji kaza ta fito. Kai kuwa mai saye ba ka da abin dogara sai harshenka da maganarsa. To, yau masana kimiyya suna iya tambayar zumar da kanta, ta kuwa ba da amsa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Idan aka raba zuma kashi 100, wajen kashi 80 sukari ne, wajen kashi 17 ruwa ne. In aka ƙone ta ƙurmus, tokar da za ta rage yawanci ba ta kai kashi 1 ba. A cikin wannan 'yar toka shaidar take, domin nan ne ake samun ma'adinai: fotasiyam, wanda ya fi yawa, da kalsiyam, da ƙarfe, da tagulla, da tutiya. Baƙar zuma takan fi fara yawansu.

Daga ina suka fito? Daga ƙasa. Dutse yana rududdugewa ya zama ƙasa, saiwar itace ta sha ruwa tare da ma'adinan da ke ciki, su hau har cikin ruwan zaƙin fure, ƙudan zuma ya kwasa ya kai amya. Da yake ƙudan ba ya cika yin nisan da ya wuce 'yan kilomitoci daga amyarsa, abin da ya tara hoton ƙasar wurin ne. Saboda haka zumar tuddai masu duwatsu da ta fili mai rairayi ba za su zo daidai a awo ba.

A ɗakin gwaji, akan narkar da zumar da asid, a sa ta a na'urar da ke auna kowane ma'adini komai ƙanƙantarsa. Daga nan sai a gwada sakamakon da na zumar da aka tabbatar da asalinta. Amma a lura, irin furen ma yana sauya awon, haka kuma garwa mai tsatsa takan ƙara ƙarfe. Shi ya sa akan haɗa da duba ƙurar fure da madubin ƙara girma, a gane ko ta ɗorawa ce ko ta kaɗanya.

Me ya sa ake wannan wahala? Sanin asalin zuma magana ce ta kuɗi da amana. A shekarar 2001 Amurka ta ɗora haraji mai nauyi a kan zumar ƙasar Sin. Sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa bi da ita ta wasu ƙasashe suna sauya mata takarda, har a 2013 aka tuhumi wasu dillalai a Amurka. Mai wayo yakan tace ƙurar fure don ɓatar da sawu, amma ma'adinai narkakku ne, ba sa tsayawa a rariya.

Zuma takan ba da labarin iskar gari ma. Lokacin da majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris ta yi gobara a 2019, rufinta na dalma ya narke. Daga baya aka sami ƙarin dalma a zumar unguwannin da hayaƙin ya bi, ko da yake bai kai na cutarwa ba.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yawa cikin iyayenmu suna ɗaura amya a itace don su biya mana kuɗin makaranta. Mai gaskiya ne yake asara idan algus ya cika kasuwa. Wanda ya riƙe darasin kimiyya da kyau a cikinmu, wata rana shi zai tsaya wa irin waɗannan manoma shaida. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.