In Gilashin Bayan Motarki Ya Dushe

'Yar'uwa, ga damina ta kankama. Kin ɗebi yara da sassafe za ki kai su makaranta, sai gilashin baya ya dushe da tururin numfashi. Kin danna maɓallin da ke busar da shi, shiru. To, kada ki yi ribas a haka, ba ki san ɗan wa ke bayanki ba.

Siraran layukan nan na jikin gilashin, ta ciki, fenti ne mai azurfa. Wutar batir ke bi ta cikinsu, su yi ɗumi, su kori laima. In dukansu sun mutu, fara duba fis. In lafiyarsa lau, dubi gefen gilashin: akwai ɗan ƙarfe dama da hagu inda waya ke kamawa. Sau da yawa kaya ne ke gogarsa ya ɓalle.

Kada ki sa gam na gida, wuta ba ta ratsa shi. Kada kuma ki yarda a liƙa da dalma da garaje, zafi na iya fasa gilashin. Nemi gam mai azurfa wurin masu kayan mota. Kashe mota, zare ƙarfen daga wayar, goge wurin da sifirit. Shafa gam, danna ƙarfen a mazauninsa, riƙe da salatif. Bar shi awa 24, sa'an nan ki mayar da waya.

Nan gaba in za ki goge gilashin, bi tsawon layukan a hankali. Allah Ya kiyaye hanya.