Zaɓen Ƙaramar Kyamara Domin Hoton Kokawa da Sukuwa a Ƙasar Dungas

Dungas tana kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya, kuma ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011 bayan da aka cire ta daga Magarya. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar an gama aikin kaka an shigar da hatsi rumbu sai fagagen kokawa su cika, sannan a lokutan salla da manyan bukukuwa mahaya su fito sukuwa. Kokawa ba ƙaramin matsayi take da shi a Nijar ba, domin tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, ɗan kokawar da ya yi suna a ƙauye yana da hanyar da za ta kai shi gaban ƙasa baki ɗaya, kuma hotonsa yana cikin abin da ke yi masa jagora. Saboda haka mai ɗaukar hoton da kyamararsa ta tsufa ko ta lalace yana da tambaya babba a gabansa: wace zai saya a madadinta?

Abin da ake nufi da ƙaramar kyamara shi ne wadda gilashinta yake manne da jikinta, ba a cire shi a sauya wani, kuma tana shiga aljihun riga. Kasuwar irin wannan na'ura ta karye ƙwarai tun da wayar hannu ta fara ɗaukar hoto mai kyau, har alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan suka nuna cewa daga kimanin miliyan 121 na kyamarorin dijital kowane iri da aka fitar a 2010, adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8 a 2023. Sakamakon haka, wanda ya je nema a Damagaram ko Kano zai fi tarar da na hannu, ko kuma sababbi marasa sanannen suna waɗanda aka cika kwalinsu da manyan lambobi. Lambar da aka fi yaudarar mai saye da ita ita ce megafiksel, wato yawan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, a lissafin miliyoyi. Megafiksel 12 ya ishi hoton da za a wanke a rataye a bango, kuma ƙari a kan haka ba ya tsayar da dokin da ke gudu.

Abin da ke tsayar da shi shi ne saurin labule. A cikin kowace kyamara akwai abin da ke buɗewa ya bar haske ya shiga, sannan ya rufe, kuma duk motsin da aka yi a tsakanin buɗewa da rufewa zai fito a hoto kamar an shafa shi da hannu. Dokin da ke cin mita 12 a daƙiƙa ɗaya zai matsa santimita 20 idan labulen ya daɗe kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa a buɗe, amma idan kashi ɗaya cikin 1000 ne, abin da zai matsa bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Da irin wannan sauri ne Eadweard Muybridge ya nuna a Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 1878, cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama idan yana sukuwa, abin da ido ba ya iya kamawa. Don haka kyamarar da ba ta barin mai ita ya zaɓi saurin labule da kansa, wato wadda ba ta da alamar S ko Tv a kan maɓallin zaɓi, ba ta dace da wannan aiki ba komai kyan surarta.

Abu na biyu da za a duba, wanda kuma ya fi ɓata wa masu hoto rai, shi ne jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoton. 'Yan kokawa biyu suna iya daɗewa a sunkuye, goshi da goshi, kowa yana laluben ƙafar abokin karawarsa, makaɗa suna ta zuga, sai a ƙiftawar ido ɗaya ya sure ɗaya ya kai shi ƙasa. Kyamarar da ke jinkirin rabin daƙiƙa ba za ta ga kayen ba, sai dai ƙura da bayan magoya baya da suka ruga cikin fage. Mafi yawan wannan jinkiri daga saiti yake zuwa, wato daidaita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito tas. Tsohuwar hanyar saiti tana kai gilashin gaba da baya tana lalube, sabuwar kuwa tana auna nisa kai tsaye kuma tana bin abin da ke motsi. Sony RX100 V ta 2016 da RX100 VII ta 2019 suna da sabuwar hanyar, kuma ta farkon tana ɗaukar hoto 24 a jere cikin daƙiƙa ɗaya, ta biyun 20. Ɗauka a jere tana da amfani, amma ba ta maye gurbin sanin wasa, domin wanda ya san kokawa yakan gane daga tsayuwar ƙafa cewa kaye ya kusa.

Saurin labule yana cin haske, kuma galibi akan shiga fage da la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, ga hazon hunturu ya rage mata ƙarfi. A nan ne girman sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a bayan gilashi, yake nuna kansa. Ƙananan kyamarori masu araha suna da sensa mai faɗin kimanin milimita 6 da tsayin 4 da rabi, waɗanda ake kira masu inci ɗaya kuwa nasu milimita 13.2 ne da 8.8, kusan ninki huɗu ke nan. Haka kuma kafar da haske ke bi ta cikin gilashi ana auna ta da lamba mai harafin f, kuma ƙanƙantar lambar ita ce faɗin kafar, ta yadda f/2.8 take shigar da ninki huɗu na hasken f/5.6. Kyamarorin da ke alfahari da jawo nesa kusa sau 30 ko 40 suna biyan wannan da ƙaramin sensa da matsattsiyar kafa, alhali mai hoton da ya samu wuri a bakin fage ba ya bukatar dogon zuƙo irin wannan.

Sai dai kyamarar da ta fi sauri ba lalle ba ne ta fi daɗewa a Dungas. Gilashin da ke fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe yana zuƙar iska, iskar kuma tana ɗauke da rairayi, wanda yakan maƙale a haƙoran da ke tura gilashin har ya ƙi motsi, ko ya zauna a kan sensa ya bar tabo a kowane hoto, kuma ba a iya goge shi sai an kwance na'urar. Wannan ya sa kyamarori rufaffu, irin su Olympus TG-6 ta 2019 da magajiyarta TG-7 ta 2023, suka cancanci a duba su, tunda gilashinsu a ciki yake motsi, ƙura da ruwa ba sa shiga, ko da yake sensansu ƙarami ne kuma ba su ba da cikakken iko a kan saurin labule ba. Zafi ma abin lura ne, domin yawancin kamfanoni suna iyakance aikin kyamara a digiri 40, bazarar Damagaram kuwa takan wuce haka.

Ragowar sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta tabbata ba, kyamarar da ake cajinta da igiyar USB daga faifan hasken rana ta fi wadda sai da cajarta ta musamman, kuma ya kamata a tabbatar ana samun batirinta a kasuwa kafin a biya kuɗi. Katin ajiya ya zama mai alamar U3 ko V30, wanda ke rubuta aƙalla megabayit 30 a daƙiƙa, don kada kyamara ta tsaya cik a tsakiyar ɗauka. Wanda zai sayi ta hannu ya gwada ta a gaban mai sayarwa: ya ɗauki babur yana wucewa don ya ga jinkiri, ya ɗauki farin bango don ya ga tabo, ya kuma saurari gilashin ko yana ƙara idan yana fitowa.

Wanda sana'arsa ce hoton kokawa da sukuwa, kuma zai iya ajiye kyamara a rufaffiyar jaka tsakanin karo da karo, mai sensa inci ɗaya da saiti mai bin motsi ta fi dacewa da shi ko da ta hannu ce. Wanda kuwa ƙura ce ta kashe masa kyamararsa ta farko, kuma a cikin ƙurar zai ci gaba da aiki, rufaffiya ya kamata ya saya.